Buta Mai Ƙafa

Da nas ta gama warware bandejin idon Auta, likita ya ɗaga yatsu ya tambaye ta ko tana gani.

"Ina gani," in ji ta.

Tela, ubanta, bai ji sanyi ba ko kaɗan. Ya san 'yarsa. Tun da yanar ido ta kama ta take cewa tana gani, don kada uwarta ta yi kuka, alhali tana ta cin karo da keken ɗinki. Da aka ce ta ƙirga yatsun, sai ta kasa.

Likita ya ce a ba ta lokaci. Haƙuri kuwa ba ya cikin kayan aikin Tela. Ya zaro waya ya lalubo tsohon katun ɗin nan baƙi da fari, wanda aka zana tun kakansa bai yi gemu ba: mage mai hannuwa kamar roba tana girki, komai na ɗakin yana rausaya. Shi suke kunnawa a shago kullum, ita tana saurare, shi yana ba ta labari yana ƙara gishiri.

"Ai ta haddace shi," uwar ta raɗa masa. "Da ta ji kiɗan za ta yi dariya."

Tela ya kashe sautin. Likita ya leƙa, ya gyaɗa kai.

"Baƙi a kan fari ya fi saurin shiga sabon ido. Amma kai ma ka kama bakinka."

Abin da ya fi wuya ke nan. Magen ta miƙa wuya har rufin ɗaki, daidai inda Auta kan ƙyalƙyale da dariya. Ko gezau. Magen ta cire jela ta motsa tukunya da ita. Auta ko murmushi. Gumi ya sa wayar santsi a hannun Tela. Tsoro ya cika shi, har ya fara shirya abin da zai faɗa wa uwar a hanyar gida.

Auta ta matso har hancinta ya kusa taɓa gilashin. Ta haɗe gira.

"Baba."

"Na'am, uwata?"

"Butar shayin nan ƙafa gare ta. Rawa take yi." Ta juyo, ranta a ɓace. "Ba ka taɓa faɗa mini ba."

Tela ya duba. Can a kusurwa, bayan magen, ga 'yar buta tana tiƙar rawa. Shi da idonsa lafiya lau bai taɓa lura da ita ba. Ya buɗe baki zai ba ta haƙuri, kuka ya riga shi.