Rabon Zarto

'Yata ta ɗauko wa jikata malamin lissafi. Tun daga nan yarinyar ta daina zuwa shagona.

Da, in an tashi makaranta nan take yada zango. Ta share garin katako a kan benci, ta buɗe littafi.

"Tsoho, yau ma ba ka mutu ba?"

"Sai na ga ƙarshen rowarki, amarya."

Da ƙusoshi muke yin jimla da ragi. Sai bana aka kawo musu lissafi mai labari. Ta karanto mini: katako ƙafa goma sha biyu, an yanka shi biyu, dogon ya fi gajeren da ƙafa biyu.

"Gajeren ba mu san shi ba, sai mu sa masa x," in ji ta. "Dogon kuma x da biyu. In an haɗa, sha biyu. Biyar da bakwai ke nan."

Na ce ƙarya ne. Zarto ba ya aikin banza, yana cin rabonsa. Na jawo katako, muka auna, na yanka, muka sake aunawa. Bai cika ba. Na nuna mata garin da ya zube.

Ranar jarrabawa ta rubuta biyar saura kaɗan, bakwai saura kaɗan. Aka ja mata jan biro.

Yanzu da la'asar ni kaɗai nake. Bencin ya yi gari, ban share ba. In na ji 'yan makaranta a layi nakan ajiye guduma har su wuce.

Jiya uwar yarinyar ta zo. Ta gaishe ni, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Baba, yarinyar nan ta ƙi malamin. Kome ya rubuta sai ta ce ina rabon zarto."

"Tana da kai."

"Za ta maimaita aji fa. Babanta ya ce ba za ta ƙara taka nan ba sai ka gyara. Kalma ɗaya ce. Ka ce mata littafi ne daidai, ta dawo maka kullum."

Na dubi bencin. Na dubi guntayen nan biyu da ke jingine da bango, inda yarinyar ta bar su.

"Baba, don Allah."

"Ba zan faɗa ba."