Butar Ruwan Zafin Dijatu

Maganar ta iske Dijatu tana tsakiyar juya ƙosai, kuma ba a ɓoye aka kawo mata ita ba. Habsatu mai fataucin awaki ce ta tsaya da kwanonta a bakin murhu, ta ce wai jiya a tasha Abdurrazak, magajin mai motar, ya faɗa a gaban jama'a cewa direbansu Kailu ya tsufa, barcinsa yake sha har rana ta fito, sannan ya zo ya ɗora wa mota laifi. Wai in aka sake makara ranar kasuwar Baleyara mai zuwa, zai karɓe makullin ya ba wani.

Dijatu ta bar ƙosai uku suka ƙone a cikin mai, abin da ta yi shekaru ba ta yi ba. Kailu dai mijinta ne. Mutumin da ladanin unguwa kan iske a ƙofar masallaci yana jira, shi ake kira mai barcin safe! Kuma wa ya kira shi? Abdurrazak, wanda Kailu ya sha ɗauka a kafaɗa yana kai shi lakwal, makarantar boko, da majina a hanci.

Shekara ashirin da uku Kailu yana jan motar gidan Alhaji Mamman, wata tsohuwar a-kori-kura mai shan gazuwal, wato man dizal. Da ita yake kwasar ƴan kasuwar Filinge da buhunan hatsinsu da awakinsu zuwa Baleyara, wani lokaci har Damana. Duk tsawon shekarun nan a ƙofar gidan Kailu take kwana, hancinta a jikin katanga, daidai inda Dijatu ke hura wutar koko da ƙosai tun kafin kiran salla. Da Alhaji ya rasu a farkon daminar da ta wuce, sai ɗansa Abdurrazak ya dawo daga Yamai da takardun karatunsa da tabarau, ya karɓi ragamar gida. Abu na farko da ya gani bai dace ba shi ne mota ta kwana a gidan direba. Wa ya san inda ake zuwa da ita in mai ita ba ya gani? Ya sa aka kafa mata rumfar kwano a filin gidansu, aka shafe ƙasa da siminti, rumfar da iska ke shiga ta gabas ta fita ta yamma ba mai tare ta.

Tun ranar Dijatu ta ji ciwon abin, don ta gane zargin sata ne aka yi wa ado da siminti. Amma Kailu ya ce ta yi haƙuri, mai abu shi ke da iko da abinsa.

Da zafi ba a ga komai ba. Sai da ɗari ya shigo sosai, irin wanda ke sa ruwan randa ya ciji haƙori, sannan tsohuwa ta nuna halinta. Kailu ya murɗa makulli, inji ya yi ta gurnani, ta ƙi tashi. Sai rana ta ɗaga, a tara samari su tura, sannan ta kama. Kasuwa uku ke nan ana isa Baleyara bayan manyan dillalai sun gama saye sun ɗaure dabbobinsu.

Abin haushin shi ne yadda aka bi ciwon. Abdurrazak ya kira makanike, makanike ya zo bayan azahar, rana ta gasa ƙarfe har ba a iya dafa shi. Murɗawa ɗaya mota ta tashi. Don kada a ce ya zo a banza, sai ya ce a canja batir. Aka canja. Washegari da asuba ta ƙi. Aka kira na biyu, shi ma ya zo da rana tsaka yana sakace, ya kwance sitata ya wanke ya mayar, mota ta tashi, ya karkaɗe hannu ya tafi. Ba wanda ya yarda ya bar bargonsa ya zo ya ga mara lafiya a lokacin da ciwon ke tashi. Kailu ya faɗa wa Abdurrazak sau biyu cewa bujin da ke ɗumama inji kafin ya kama su ne suka mutu, kuma sun daɗe da mutuwa. Abdurrazak ya dube shi ta saman tabarau ya ce masana biyu sun duba ba su ga haka ba.

Da la'asar Kailu ya shigo gida, Dijatu ta tare shi tun bai cire takalmi ba.

"Malam, ka ji abin da yaron ga yac ce a tasha?"

"Na jiya."

"To mi kac ce mai?"

"Mi za ni cewa, Dije? Ɗan Alhaji na. In tsaya cacar baki da shi cikin mutane?"

"Shi da yat tsaya yana zubda maka girma cikin mutane hwa? Ka hwaɗa mai batun ruwan zahi?"

Kailu ya sunkuyar da kai. Ya ce ya fara, sai Abdurrazak ya yi dariya ya ce mota ba jaririya ba ce da za a yi mata wanka, kuma ba ya son a riƙa jiƙa masa siminti.

Nan ne zuciyar Dijatu ta ƙara tafasa, don ita ta san abin da makanikan nan biyu ba su sani ba. Shekara da shekaru tana jin motar nan daga bakin murhu, ta san muryarta kamar tarin mijinta. In batir ya yi sanyi, ƙas-ƙas kawai ake ji, fitila ta yi ja. Wannan kuwa inji na juyawa da ƙarfinsa, farin hayaƙi na fita ta baya yana warin ɗanyen gazuwal. Wato mai yana isa, wutar kama shi ce babu. Kuma duk ɗarin duniya, tun shekara takwas da suka wuce, abin da ke ta da motar nan shi ne katangar da ke tare mata iska, da tsohon bargon da Kailu ke rufa mata, da zafin murhun da ke gefenta, da buta guda ta tafasasshen ruwa da Dijatu ke ɗiba daga tukunyar koko ta miƙa masa. Marigayi Alhaji ya sani. Yakan ce a bar sayen buji sai baɗi, tunda butar Dije na nan. Baɗin ba ta zo ba har ya koma ga Allah.

Ranar kasuwa Dijatu ta tafasa ruwa, ta sauke tukunya ta rufe, ta bar ƙullun ƙosai a kwano. Masu saye suka fara taruwa ta ce su jira ko su tafi, duk ɗaya. Ta cika babbar butar ƙarfe, ta naɗe mariƙin da tsumma, ta ɗauki bargon a kafaɗa, ta nufi gidan Alhaji tana tafe tururi na bin ta.

Ta iske filin cike. Ƴan kasuwa sun yi lodi, sun dunƙule cikin mayafai, awaki na kuka a bayan mota. Kailu na ciki yana murɗa makulli, inji na gurnani, farin hayaƙi na tashi. Abdurrazak na tsaye cikin rigar sanyi mai kauri, a gefensa wani matashin direba, Fahad, wanda kowa ya san dalilin zuwansa.

"Inna Dije, lahiya da sassahe haka?" in ji Abdurrazak.

"Lahiya ta kawo ni. Malam, bar murɗa ta haka nan, kar ka kashe sabon batir ɗin da anka saya don ciwon da babu shi. Buɗe min gaba."

"Inna, don Allah, wagga ba maganar mata ba ta. Makanikai biyu..."

"Makanikan azahar? Da azahar ko ni lahiyata lau, gwiwata ba ta ciwo. Wane ne cikinsu yaz zo da asuba? Kai kanka yau ne hwarkon hitowarka, kuma don ka amshi makulli kaf hito."

Wani daga cikin masu hatsi ya yi tari don ya ɓoye dariya. Kailu ya fito ya ɗaga murfin inji. Ya karɓi butar ya zuba ruwan a hankali inda ya saba, a kan inji da bututun mai, yana kauce wa wayoyi. Ruwa ya gangara ya jiƙa simintin nan mai daraja. Dijatu ta shimfiɗa bargon a kai, ta ce a ba shi ɗan lokaci, kamar yadda ake jiran shayi ya jiƙa.

Kailu ya cire bargon, ya shiga, ya yi bisimilla, ya murɗa. Tsohuwa ta yi tari sau biyu, ta girgiza, ta kama da rurin da ya tashi kajin maƙwabta. Ƴan kasuwa suka ɗauki kabbara.

Abdurrazak ya gyara tabarau. Ya dubi jiƙaƙƙen simintinsa, ya dubi Fahad, sannan ya ce da murya ƙasa-ƙasa, "To shi ke nan. Baba Kailu, ku tahi kar ku makara. In kun dawo a kai ta can gidanka ta dinga kwana."

Ya juya zai shige gida. Haka kawai! Kamar ba shi ya tsaya a tasha ya yaga mutuncin dattijo ba.

"Tsaya, Abdu," in ji Dijatu. "Ni ba mota niz zo tayarwa ba. Gaban mutane kac ce mijina maƙaryaci na, mai barcin sahe. Ga mutanen nan, ba su tahi ba."

"Haba Inna, ai maganar ta wuce."

"Wurinka tat wuce."

Ta juya ta dubi Kailu, tana jiran ya ce mata ta yi haƙuri kamar kullum, har ta shirya amsar da za ta ba shi. Sai ta ji inji ya yi shiru. Kailu ne ya kashe motar. Ya zare makullin, ya fito, ya tsaya a gaban Abdurrazak ya miƙa masa a tafin hannu.

Habsatu ce ta leƙo daga cikin awakinta ta ce, "Abdurrazak, butar ga hwa babu sauran ruwa cikinta, kuma inji sanyi shikai." Gaskiya ta faɗa. Iska na ratsa rumfar, tururin da ke kan inji yana raguwa a idon kowa. Fahad ya ja da baya ya sa hannuwa a aljihu, don ya san in aka ba shi makullin nan ba abin da zai iya yi da shi.

Abdurrazak ya daɗe yana kallon hannun nan da ya sha riƙe nasa a hanyar lakwal. Sannan ya cire tabarau.

"Jama'a, ku shaida. Baba Kailu bai yi ƙarya ba, kuma ba shi yas sa anka makara ba. Ya hwaɗa min ciwon motar ga, ni na ƙi ji. Baba, ka yahe min."

"Ɗaga murya," in ji Dijatu. "A tasha ba da raɗa kay yi ba."

Ya maimaita da ƙarfi, har na bayan mota suka ji. Kailu ya rufe tafin hannunsa a kan makullin, ya ce Allah ya yafe mana baki ɗaya, ya koma mazauninsa. Murɗawa ɗaya ta tashi.

Dijatu ta ɗauki butarta da bargonta. A bakin ƙofa ta waiwayo ta ce wa Abdurrazak ya aika Yamai a sayo bujin, huɗu ne, don ita butarta ta gaji da yi wa gidan Alhaji aikin da ba a san tana yi ba.

Da yamma Kailu ya dawo daga Baleyara, ya karya kan mota zuwa ƙofar gidansa. Yana tunanin sai ya sauka ya kwashe itace da turame, don wata bakwai ke nan rabon motar da wurin. Ya iske filin fayau, an share shi tas, har duwatsu biyun da yake tare ƙafafunta da su suna nan inda ya bar su. Dijatu na bakin murhu tana wanke tukunya, ba ta ko ɗaga kai ba.

"Matsa da ita jikin katanga sosai," ta ce. "Gobe ɗari ya hi na yau."