Kawu Gimba da Maganin Sin

Tun da bugun zuciya ya kayar da Kawu Gimba a bakin ƙofar gidansu a Salford da ke gefen Manchester, gidan ya koma hannun matarsa Raki. A asibiti an buɗe masa jijiyar da ta toshe, aka sallame shi da tarin ƙwayoyi. A gida kuwa Raki ta janye gishiri, ta ɓoye man shanu, ta mai da tsire tarihi. Mutumin da ya shekara ashirin yana tuƙa bas babu mai gaya masa inda zai karya kwana, yau shi ake tsarewa da ido sai ya cinye kabeji.

Ana nan sai wani abokinsa ya turo masa bidiyo a waya, wai mutanen Sin suna da maganin gargajiya mai wanke zuciya tas. Nan take ya tuna da Zuhra, 'yar ƙanwarsa, wadda ta zo Birmingham karatu, kuma a kan irin waɗannan magunguna take bincike.

"Allah ya kawo sauƙi har gida," ya ce wa Raki. "Na sha saiwa, na huta da ƙwayoyin asibiti."

Ranar Asabar ya hau jirgin ƙasa, da babbar leda a aljihu don zuba saƙe-saƙi.

Zuhra ta tare shi a tasha a unguwar Edgbaston ta Birmingham, ta rusuna ta gaishe shi. Ko gama amsawa bai yi ba ya miƙa mata ledar.

"Likita, cika min. Na wata shida."

"Kawu, ni fa ba likita ba ce tukuna. Kuma a ɗakin gwaji ɓeraye nake ba wa."

"Ɓeraye? Kawunki na nan da ransa, kina shayar da ɓera?"

Ta danne dariya, ta ja shi suka zauna a benci. Ta ce gaskiya akwai alamun amfani, shi ya sa ake binciken, amma ba a ajiye ƙwayoyin asibiti dominsa. Wanda ke shan maganin tsinka jini kuwa, in ya haɗa ba da sanin likitansa ba, yana iya jawo wa kansa zubar jini.

Kawu ya taɓe baki, ya nuna mata bidiyon. "Saiwa ce fa kawai."

"Akwai saiwa. Wanda ka gani a bidiyon har da kunama a ciki, busasshiya."

"Kunama?"

"Da shanshani. Da matsattsaku. Da wani ɗan'uwan kyankyaso."

Kawu kuwa, in ya ga kyankyaso a kicin sai dai ya ƙwala wa Raki kira daga falo. A hankali ya ninke ledar ya mayar aljihu.

"To, bincike ai ba a yi masa gaggawa," ya ce. "Ku bi a sannu. A bar ɓerayen su gama."

Daga nan ta kai shi cin abinci Stratford Road. Ƙamshin gasasshen rago ya buge shi tun daga ƙofa, ya matso kusa da ita yana rage murya.

"'Yata, abin da ya faru a Birmingham ba sai Manchester ta ji ba."

"Anti Raki ta riga ta kira ni, Kawu. Kifi ta ce, da salak."

Ya ci kifin yana harararta, ya suɗe ƙayar tsaf, sannan ya tambaya ko za a ƙaro.