Saniyar Babayo ta Hanyar Bukur

Ni dai ban taɓa ganin wanda ya sayi abu ya hana kansa sakat, ya hana unguwa, irin Babayo ba. Maƙwabcina ne a Anguwan Rogo, dillalin shanu, ya ba sittin baya. Shekarar da gwamnati ta ce kamfanonin Turawa su sayar wa 'yan ƙasa hannun jari, sai ya kaɗa shanunsa kaf ya kai kara, ya zuba kuɗin a wani kamfanin sabulu da ke hanyar Bukur. Aka miƙo masa takarda. Takarda fa!

Tun daga ranar zama ya gagare shi. Ya shigo shagona ina ɗinki, ya zauna, ya miƙe, ya leƙa titi, ya dawo.

"Haladu, dabbar da ba ka ganinta da safe, anya taka ce?"

"Kai ka jiyo. Ɗaga mini yadin mutane."

Matarsa Mairama ma ta gaji, don katan-katan yake sayo sabulun, wai dusa yake ba dabbarsa. Har tuwon gidan ƙamshin sabulu yake.

Ana nan sai Alhaji Labaran mai motocin haya ya ce zai sayi takardar, amma Juma'a ce iyaka. In Babayo ya yarda, shanunsa sun dawo ke nan. Babayo ya ƙara birkicewa. Ran Alhamis ya fizge ni daga kan keken ɗinki, wai sai ya duba dabbar da idonsa.

Maigadin kamfanin, wani Livinus, ya tare mu a ƙofa. "Baba, ba shiga."

"Ina da hannu a ciki!"

"Kowa haka yake faɗi."

Sai Babayo ya shiga zagaya katanga yadda yake zagaya saniya a kara. Ya dubi hayaƙi, ya dubi motocin da ke fita da kaya, har kwata sai da ya sunsuna. Ni kuwa kunya kamar in nutse. Da muka kai baya, ga leburori suna haƙa harsashi, ga siminti da rodi jibge. Ya tsaya cak.

Livinus ya biyo mu da sandarsa. Ya ce sabon gini ne, za a kawo injin man shafawa.

Babayo ya damƙe mini hannu. "Haladu! Ciki gare ta!"

"Wa?"

"Ita mana! Tun da uwata ta haife ni ban taɓa sayar da saniya da ciki ba." Ya juya wurin maigadi. "Yaro, yaushe za ta haihu?"

Livinus ya kwashe da dariya. "Baba, wannan ba wata tara ba ne. Oga ya ce kafin a ci riba sosai sai shekara goma, ko fi."

Babayo ya shafa farin gemunsa. Wallahi tausayinsa ya kama ni. Muka hau tasi muka koma gari. Muna sauka ya zarce garejin Alhaji Labaran, ina biye.

"Alhaji, ka yi haƙuri. Na fasa."

Da muka fito na kasa daurewa. "Haba Babayo, shekara goma fa aka ce! Ka manta shekarunka ne?"

"Na ji, ba kurma ba ne ni. Na san ba ni zan sha nonon ba." Ya gyara hularsa. "Amma a gidana za ta haihu."