Naɗin Ƙarshe na Malam Ɗanbaba

Tun kafin Waliyyu ya kwance noti na biyu, ƙaurin ƙonanniyar waya ya gaya masa abin da zai tarar. Ya zaro injektar daga jikin injin ban ruwan, ya juya ta a tafin hannu. Koyil ɗin, wato naɗin wayar da ke jikinta, ya yi baƙi ƙirin. Na uku ke nan a cikin mako guda, kuma duk a gona ɗaya, ta Hamma, a fadamar Maiyama.

Hamma, dattijon manomin albasa, yana tsugune a bakin kwali, wato fangalin albasa, yana taɓa dashensa da ya soma langaɓewa. Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi wa Waliyyu sauƙi.

"Injiniya, ni dai ban san boko ba," in ji shi, "amma na san albasa. Dashe in ya kwana ukku babu ruwa, sai dai a yi mai addu'a. Kai kac ce mu bar hwetur mu koma gas, munka yarda da kai. Mu tara na fa."

"Ka ba ni zuwa jibi, Baba Hamma."

"Ba ni za ka roƙa ba. Ga ta nan, ita za ka roƙa."

Injektar nan Waliyyu ne ya ƙirƙira ta, ba ta wuce babban yatsa ba. Waya ce ake naɗawa a jikin ɗan bututu. In wutar batir ta bi ta cikinta sai ta zama maganaɗisu, ta ja wata 'yar allura, gas ya shiga inji daidai gwargwado, ta saki, ƙofa ta rufe. Shekara biyu ya yi yana zane da lissafi bayan ya gama jami'a, lokacin da fetur ya gagari talaka. Lissafinsa ya ce naɗi ɗari huɗu. Ta farko mahaifinsa ya naɗa masa, Malam Ɗanbaba, wanda ya shekara arba'in yana naɗin koyil ɗin fanka da janareta a zauren gidansa a Sabon Garin Jega. Wata huɗu ke nan tana aiki a gonarsu ta Jiga Birni, ko tari ba ta taɓa yi ba. Sauran kuwa Waliyyu ne ya naɗa da hannunsa, bisa takarda, don yau kwana goma sha biyu da aka kai Malam Ɗanbaba makwancinsa.

Ya hau babur ya nufi Jiga Birni, can wajen Aliero. Ya riga ya gwada ta mahaifin nasa da mita, ya ga ba ta yi daidai da nasa ba, sai ya ɗora laifin a kan wayar zamani. Ɗan boko dai, a ce takardarsa ce ta yi kuskure, gara a ce kasuwar duniya ce ta lalace. Amma mita ba ta ƙirga naɗi. In yana son sanin abin da tsohon ya yi, sai an fasa an warware, kuma wayar da aka warware ba ta sake naɗuwa, fentinta tsattsagewa yake yi.

A Jiga Birni ya tarar da injin yana ta bugu, ruwa na gudu a cikin kwalaye. Ya daɗe tsaye yana sauraro. Sannan ya rufe tukunyar gas, ya cire injektar da sauran ɗuminta, ya naɗe a hankici.

Bayan azahar ya iso gida. Zauren na nan yadda mai shi ya bar shi, har ɗan bencin da ya lotsa a tsakiya. Yayarsa Balkisu, wadda ta zo zaman makoki daga gidan mijinta ba ta koma ba tukuna, ta leƙo da kwanon ruwa. Ganin abin da ke hannunsa ta tsaya cak.

"Mi za ka yi da ita?"

"Warware ta za ni yi, Yaya."

"Ita ɗai ta rage muna, Waliyyu. Kayan sawa nai duk an raba."

"Na sani. Albasar mutum tara na bisa wuyana."

Ta aje kwanon, ta jawo tabarma ta zauna.

"To ba ni takarda. Kai ƙirga, ni ko in riƙa ja maka layi."

Ya kankare busasshen gam da reza, ya kamo bakin wayar. Naɗin ya kwanta layi bayan layi, babu wanda ya hau wani, kuma tsakanin kowane layi da na ƙarƙashinsa akwai siririyar takardar buhun siminti, abin da babu shi a zanen. Waliyyu yana ja yana ƙirga a bayyane. Kowane juyi ya san yatsun mahaifinsa sun bi ta wurin, kuma shi ne yake share sawunsu. Duk da haka bai yarda ya ɓata ƙirgen ba.

Da ya kai ɗari huɗu ya dakata. Waya na nan jibge a jikin bututun.

Ya ci gaba, muryarsa na raguwa. Sai a ɗari biyar da casa'in da huɗu bututun ya fito tsirara.

"Carbi shidda," in ji Balkisu a hankali. "Da carbi shika ƙirga. Ka manta?"

Waliyyu ya ja takarda ya yi lissafin da bai ɗauke shi minti biyar ba. Ƙarin naɗi, ƙarfin ja kusan ɗaya, zafi kuwa ya ragu sosai. Shi ya yi lissafinsa da sanyin ɗakin gwaji. Tsohon ya yi nasa da ranar fadama, wadda take gasa ƙarfe har ba ya taɓuwa.

"Ya san na yi kuskure," ya ce. "Don mi bai hwaɗa min ba?"

Balkisu ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafinta.

"Ya so shi hwaɗa maka. Ranar da ka kawo takardar, abokanka na nan zaune. Yac ce, 'Waliyyu, wagga waya ba ta yi kaɗan ba?' Kac ce mai, 'Baba, wanga ba gyaran hwanka na ba, bi takarda kawai.' Sunka yi dariya."

Ya tuna. Har irin rigar da ke jikin tsohon a ranar ya tuna.

"Da yash shigo cikin gida nic ce, Baba ka ƙyale shi haka? Yac ce, 'Yaro ya yi karatu, mutane sun soma kiran shi Injiniya. Ba ni zuba ƙasa ga idonai gaban abokai. Bari in gyara mai, in damina ta wuce mu zauna ni da shi.' Ya hana ni in hwaɗa maka. Ni ko ban san lamba ba, balle in taimake ka."

Waliyyu ya dubi tulin jar wayar da ke gabansa, a cukurkuɗe, ba ta da sauran amfani ko ga mai gwangwan. Ya so ya ce wani abu, ko da "ka yafe mini" ne, amma babu wanda zai ce wa. Hawaye suka zubo masa, ya bar su.

Wayarsa ta yi ƙara. Hamma ne.

"Injiniya, an dace?"

"An dace, Baba Hamma. Gobe da hantsi ina nan tahe da guda tara."

"Alhamdu lillahi! Na hwaɗa musu, ilimi ba ƙarya na ba. Allah shi jiƙan Malam Ɗanbaba, bai yi asarar kai ka boko ba."

Waliyyu ya dubi takardar da aka ja layukan ƙirgen.

"Amin," ya ce.

Ya aje wayar, ya jawo sabon ƙullin waya, ya zauna a gefen bencin. Tsakiyar, mazaunin mahaifinsa, bai iya zama a kai ba.