Ramin da Saniyar Arlene Ta Tono

Arlene Trewartha ta shekara talatin tana kiwon shanun madara a kudancin Wisconsin, kuma duk tsawon zamanta ba ta taɓa tambayar dalilin da ya sa ake ce wa jiharsu Jihar Dage ba. Tana dai ganin dabbar a jikin tuta, shi ke nan.

Wata safiya, bayan ruwan kwana uku, ƙafar wata saniyarta ta burma a gindin tudu. Da ita da mijinta Merle suka ja ta da igiya har ta fito tana ɗingishi. Arlene ta leƙa ramin, sai ta ga ya zarce ciki.

"Gidan dage ne," in ji Merle. "Kawo shebur in cike shi."

"Tun yaushe dage ya koyi jera duwatsu? Matsa in gani," in ji Arlene.

Ta rarrafa ta shiga da tocila. Ɗaki ne ɗan ƙurƙut, da ƙyar mutum zai miƙe. Ga murhu ya yi baƙi ƙirin, ga karyayyen lofe, ga wani dutse mai nauyin tsiya yana ƙyalli. Ta sa shi a aljihu, ta wuce gari wajen goggonta Verna, mai shekara casa'in da ɗaya.

Tsohuwar ta auna dutsen a tafin hannu. "Darma ce. A ina kika samo?"

Arlene ta ba ta labari.

"To, kin shiga ɗakin dage na gaske, 'yar nan. Mai ƙafa biyu. Masu haƙar darma ne, tun jihar nan ba ta zama jiha ba. Wa ke da lokacin gina gida? In ƙanƙara ta sauko, sai su shige ramin da suka haƙa su kwanta. Mutane suka riƙa yi musu ba'a da sunan, su kuma suka riƙe abinsu."

"Goggo, har da namu?"

"Kakan kakanki hunturu biyu ya yi a ƙarƙashin ƙasa. Ɗauko min sandata."

Da suka iso gona, sai da Arlene da Merle suka tallafe ta kafin ta kai gindin tudun. Ta daɗe tana kallon bakin ramin, sannan ta ɗaga kai ta dubi rana.

"Ƙofar nan kudu take kallo, inda rana ke shigowa da hunturu," ta ce. "Ko wane ne, ba wawa ba ne."

Washegari Merle ya kewaye wurin da shingen waya maimakon ya cike shi, yana ƙunƙuni.