Ranar da Maiwada Ya Tuhumi Surukinshi

Ni dai tun da ƙanena Maiwada ya fara bin kamiyon gyaɗa, wato babbar motar dako, daga Tasawa zuwa Maraɗi na san ba za a ƙare lafiya ba. Mutumin da ba ya iya kallon babba a ido, sai ga shi ya dawo yana tafiya da hannuwa a baya, yana tsare akuya tsakar gida, yana tambayarta inda take jiya da la'asar. Ashe silima ya gano. Kuma ba ruwanshi da na masu dawaki da bindiga. Na shari'a kaɗai yake so, inda wani Bature mai baƙar riga ke kai da kawowa gaban alƙali, yana matsa wa mai shaida da tambayoyi har ya fashe da kuka.

To, Faransancin Maiwada bai wuce na gaisuwa ba, don haka bai taɓa gane wa ke bayan wa ba. Abin da ya ɗauko shi ne, duk wanda aka kira shaida a matse shi sai ya yi kuka, a nan gaskiya ke fitowa.

Lokacin ba a daɗe da samun mulkin kai ba, gyaɗa ta yi daraja, idon kowa ya buɗe a kan ƙasa. Na Allah, maƙwabcin gonarmu a Baudeta, ya tumɓuke gambar da ke iyaka tsakaninmu, ya dasa ta can cikin tamu, ya haɗiye mana kwarin gonar gaba ɗaya. Wannan kwarin shi ke ciyar da mu da tsohuwarmu tun rasuwar baba, sauran duk jigawa ce. Muka kai ƙara wurin alƙali a Tasawa.

Shaidarmu ɗaya tak, amma ya isa. Malam Ishaƙu shi kaɗai ya rage da rai cikin dattawan da suka tsaya ranar da aka dasa gambar. Kuma shi ne ya haifi Sa'a, matar Maiwada. Kun dai san yadda ake da suruki: ba ka kama sunanshi, ba ka haɗa ido da shi, in ka hango shi a hanya ka tuɓe takalmi ka durƙusa. Tsohon nan ba wanda ya roƙe shi, shi ya hau jakinshi ya taho saboda mu. A hanya na ja wa Maiwada kunne, na ce ya zauna ya rufe bakinshi. Ya ce to. Na ga wani ƙunshi a hammatarshi, na ɗauka guzuri ne.

Aka taru a zauren alƙali, kowa zaune a ƙasa, takalma a waje. Na Allah ya yi ta kame-kame. Sannan aka ba Malam Ishaƙu dama, ya fara zayyano iyakar tiryan-tiryan, daga gindin gawo zuwa shuri, daga shuri zuwa tsohuwar rijiya. Alƙali na gyaɗa kai, Na Allah na sharce gumi. Wallahi har na fara jin ƙamshin nasara.

Sai na ji motsi a gefena. Maiwada ya warware ƙunshin, ashe wani baƙin kwat ne ya aro wurin direban kamiyon. Ya zura shi kan rigarshi cikin wannan zafin, ya miƙe tsaye gaban alƙali.

"Objeksiyo," in ji shi, kamar yadda ya ji ana faɗa a silima in za a katse magana.

Alƙali ya waiwaya ya tambayi dogari ko yaron yana da farfaɗiya. Na jawo gefen kwat ɗin, ya fizge. Ya taka zuwa bango, ya dawo, ya tsaya a kan surukinshi, ya nuna shi da yatsa.

"Ishaƙu, ka ce kana wurin. Wa ya gan ka?"

Ni kuwa na so ƙasa ta tsage in shige. Ja'irin bai tsaya nan ba. Ya tambaye shi ko yana gani sosai, ya ɗaga mishi yatsu ya ce ya ƙirga. Sannan ya juya ga jama'a, ya tambaya ko ba wannan tsohon ba ne bara ya kwance jakin wani a kasuwar Mayahi ya hau har gida yana zaton nashi ne. Maganar gaskiya ce, Sa'a ta faɗa mishi a ɗaki, ba wanda ya sani. Zaure ya kece da dariya, har dogari sai da ya riƙe ciki. Maiwada ya harɗe hannuwa yana jiran kuka.

Malam Ishaƙu bai yi kuka ba. Ya gyara rawaninshi, ya dubi alƙali.

"Allah ya gafarta malam, yaron nan ya yi gaskiya. Na tsufa, idona ya tafi. Ban san inda iyakar take ba."

Ya tashi ya fita, ya sa takalmanshi. Da babu shaida, rantsuwa ta koma kan Na Allah. Ya yi alwala, ya rantse ko gezau, aka bar mishi kwarin.

A waje na zazzage wa Maiwada duk abin da ke cikina, na fizge kwat ɗin na jibge shi da shi gaban masu sayar da goro. Sai da muka yi nisa a hanyar gida ya buɗe baki, ya ce shi tun da aka haife shi a durƙushe yake magana, gaban mai gari, gaban mai awon gyaɗa, gaban kowa. A silima ne kaɗai ya ga mai gaskiya ya miƙe tsaye ya faɗi tashi, kuma aka saurara. Haushinshi na cina, amma sai da ya ba ni tausayi.

Muka iske tsohuwa zaune a ƙofar gida da ƙwarya a cinya, tana ɓare gyaɗar iri. Tun safe take yi, ta ce ta zaɓi manya-manyan ne don kwari. Ta ɗago kai ta dube mu, ta tambaya yaushe za a mai da gambar wurinta. Na dubi Maiwada, na ce ga mai iya magana nan, ya faɗa mata. Ya durƙusa a gabanta, ita kuma ta ci gaba da ɓara tana jira.